Yadda ake tsara motsa jiki ga matashi mai ƙiba don gyara sukari da kitsen jini

Matashi mai ƙiba zai iya shafe wata uku yana motsa jiki, ya hau sikeli ya tarar nauyinsa na nan inda yake, alhali cikin jikinsa abubuwa sun sauya: kitsen da ya naɗe hanji da hanta ya ragu, sukarin jini ya fi saurin shiga tsoka, hawan bene ya daina sa shi haki. A nan iyaye da masu horarwa da yawa ke karaya, saboda sun mai da sikeli alƙali. Motsa jiki shi kaɗai ba ya sauke kilo da yawa. Inda ya fi ƙarfi shi ne gyara yadda jiki ke sarrafa sukari da kitse, kuma a kan wannan ya kamata a gina tsarin.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a 1990 kashi 2 cikin ɗari na masu shekara 5 zuwa 19 ne ke da ƙiba, amma zuwa 2022 sun kai kashi 8, wato yara da matasa miliyan 160.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Bayan an ci abinci sukari na hawa a jini, sai jiki ya saki sinadarin insulin domin ya tura sukarin cikin ƙwayoyin jiki. Kaso mafi tsoka na wannan sukari, wajen kashi 70 zuwa 80, tsokar jiki ce ke karɓe shi. Idan kitse ya taru a ciki da hanta, ƙwayoyin sukan daina jin umarnin insulin yadda ya kamata, sai jiki ya riƙa fitar da shi ninki-ninki don a samu aiki ɗaya. Shekarun balaga na ƙara dagula lamarin, domin ko yaron da ba shi da ƙiba jikinsa kan rage jin insulin da kusan kashi 30 a tsakiyar balaga, sannan ya dawo daidai daga baya. Mai ƙiba sau da yawa ba ya dawowa daidai, kuma ta wannan ƙofa ciwon suga nau'i na biyu ke shiga tun ana matashi.

Tsoka mai aiki tana da wata hanyar jan sukari wadda ba ta jiran insulin. Da zarar ta fara motsi sai ta buɗe ƙofofin shigar sukari da kanta, kuma bayan an gama, jiki na ci gaba da jin insulin sosai na tsawon awa 24 zuwa 48. Daga nan tasirin ya fara dushewa. Wannan ne dalilin ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a tsarin nan: kada a tsallake fiye da kwana biyu a jere ba tare da motsa jiki ba. Wanda ya yi awa uku ranar hutu ɗaya ya zauna sauran mako bai kai wanda ke yin minti 30 sau biyar ba, ko da lissafin mintocinsa ya fi yawa.

A 2012 masu bincike a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka sun gwada wannan a kan samari 45 masu ƙiba. Wasu suka yi atisayen haki, wasu suka yi na ƙarfafa tsoka, minti 180 a mako har wata uku, ba tare da an rage musu abinci ba. Duka ɓangarorin biyu kitsen cikinsu da na hantarsu ya ragu, masu ƙarfafa tsoka kuma jin insulin ɗinsu ya ƙaru da kashi 27. Wani gwaji mafi girma a Kanada, da aka buga a 2014 a kan matasa 304 masu shekara 14 zuwa 18, ya nuna cewa cikin waɗanda suka lizimci zuwa horo, haɗa nau'o'in biyu na iya fin yin ɗaya amfani.

Awon farko kafin a ɗaura takalmi

A fara da tsawo da nauyi. Ana raba nauyi na kilo da tsawo na mita sau kansa, a samu abin da ake kira BMI. Mai kilo 85 da tsawon mita 1.65 zai samu kusan 31. Sai dai ba a amfani da iyakar manya ga matashi, ana duba jadawalin shekaru da jinsi. A jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji ɗan shekara 15 ya shiga sahun masu ƙiba idan ya haura wajen 27, mace kuma wajen 28.

Awon ƙugu ya fi wannan faɗar gaskiya game da kitsen ciki. A sa tef a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, a kan fata, bayan an saki numfashi ba tare da an tsuke ciki ba. Abin da ake so shi ne ƙugu ya gaza rabin tsawo. Mai tsawon santimita 165, ƙugunsa ya kasance ƙasa da 82.5. A rubuta adadin da kwanan wata, kuma mutum ɗaya ya riƙa aunawa kowane lokaci, don bambancin hannu kaɗai na iya kawo santimita biyu.

Sai asibiti. A auna hawan jini da abin ɗaurawa da ya dace da kaurin hannun, domin ƙarami a kan hannu mai kauri yana ba da adadi sama da gaskiya. Daga shekara 13 zuwa sama, 130 bisa 80 ko fiye, idan ya maimaitu a ziyara daban-daban, hawan jini ne. A yi gwajin sukari kafin a ci komai da safe: 100 zuwa 125 a ma'aunin mg/dL alama ce ta an kusa ciwon suga, 126 ko sama kuma ciwon ne idan gwaji na biyu ya tabbatar. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, tsakanin 5.7 da 6.4 gargaɗi ne. A haɗa da gwajin kitsen jini da na hanta mai suna ALT. A kuma duba bayan wuya da hammata. Fatar da ta yi duhu da kauri a wurin, wadda ake ta gogewa da soso ana zaton datti ne, galibi alamar insulin ne da ya yi yawa a jini, kuma sabulu ba ya fitar da ita.

Akwai abin da idan an gani ba a fara komai sai likita ya duba. Na farko shi ne ɗingishi tare da ciwon kwankwaso, cinya ko gwiwa a yaro mai ƙiba ɗan shekara 10 zuwa 16. Kan ƙashin cinya na iya zamewa daga wurin da ƙashin ke girma, kuma sau da yawa a gwiwa ake jin ciwon duk da matsalar na kwankwaso, abin da ke sa a yi ta shafa man zafi a inda ba nan ba ne. Irin wannan yaro ya daina taka ƙafar, a kai shi hoton ƙashi a ranar. Haka nan suma ko ciwon ƙirji yayin motsi, ko tarihin wani a dangi da ya yi mutuwar fuju'a yana matashi, ko ciwon kai mai naci tare da dishi-dishin gani. Mai sikila, mai asma da mai allurar insulin duk za su iya motsa jiki, amma da tsarin da likitansu ya amince da shi.

Yadda ake gane ƙarfin atisaye

Hanya mafi sauƙi ita ce magana. Idan matashin na iya magana amma ba ya iya rera waƙa, yana matsakaicin ƙarfi. Idan ba ya iya furta fiye da kalma uku ko huɗu sai ya ja numfashi, ya shiga mai tsanani. Mai son lissafi ya ninka shekaru da 0.7 ya cire daga 208, zai samu ƙiyasin iyakar bugun zuciya. Ga ɗan shekara 15 wajen 197 ke nan a minti. Matsakaici shi ne kashi 64 zuwa 76 na wannan, wato bugu 126 zuwa 150. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, a ƙirga na daƙiƙa 15, a ninka da huɗu.

Abin lura shi ne tafiyar da siriri ke ɗauka yawo ce, ga mai ɗauke da ƙarin kilo 30 aiki ne sosai. Kada a haɗa shi da sauran yara a ce kowa ya yi gudu iri ɗaya. Bugun zuciyarsa ne ma'auni, ba saurin abokinsa ba.

Tsarin mako goma sha biyu

Burin ƙarshe shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa a 2020 ga masu shekara 5 zuwa 17: matsakaicin minti 60 a rana na motsi mai sa haki, tare da atisayen ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako. Amma wanda ya shekara a zaune ba a fara masa daga nan.

A mako biyu na farko a yi tafiya mai ɗan sauri ta minti 15 zuwa 20, kwana biyar a mako. Idan ta yi yawa a raba ta gida biyu, safe da yamma. Minti biyar na farko a tafi a hankali don jiki ya ɗumama, na ƙarshe ma haka. Daga mako na uku a riƙa ƙara minti biyar kowane mako har a kai minti 40 wajen mako na shida ko na bakwai. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko tsawon lokaci ko sauri. Zuciya da huhu na sabawa cikin 'yan makonni, amma jijiyoyi da gaɓoɓi sun fi jinkiri, shi ya sa rauni kan zo daidai lokacin da yaron ya fara jin ƙarfi yana son ya ƙure.

Gudu da tsallen igiya su jira. Ko a tafiya, gwiwa na ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki a kowane taku, a gudu kuma ya fi haka nesa. Keke da iyo na sauke wannan nauyi daga gaɓoɓi, don haka mai ciwon gwiwa ko tafin ƙafa ya raba kwanakinsa tsakaninsu da tafiya. A kan keke a ɗaga sirdi har ƙafa ta kusa miƙewa idan feda na ƙasa. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke jawo ciwon gaban gwiwa.

Ƙarfafa tsoka

A nan ne matashi mai ƙiba kan fi tsaransa, domin jikin da ya saba ɗaukar nauyi yana da tsoka da ƙarfi. Yaron da kullum shi ne na ƙarshe a tsere zai ga ya fi kowa ɗaga abu, kuma wannan kaɗai na iya sa ya ci gaba da zuwa. Zancen cewa ɗaga nauyi na hana yaro tsawo ba shi da tushe muddin akwai mai lura kuma nauyin daidai ne. Raunin da ake samu yana fitowa ne daga gasar wa ya fi wani da kuma yin atisaye ba bisa ƙa'ida ba.

A fara tun mako na biyu, kwana biyu a mako da tazarar aƙalla kwana ɗaya a tsakani, daga baya a mai da shi uku. Motsi biyar ko shida sun isa. Na farko zama da tashi daga kujera mai ƙarfi ba tare da dafa hannu ba: ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, a tura mazauni baya, gwiwoyi na kallon inda yatsun ƙafa ke kallo, kada su karkata ciki. Sai tura bango da hannu biyu, jiki a miƙe daga kai har diddige. Idan ya yi sauƙi a koma dafa gefen tebur, sannan benci, kafin a kai ƙasa. Sai jan roba mai talewa zuwa ciki, ana matse allon kafaɗa baya. Sai hawa da sauka a kan matakala ɗaya mai tsayin santimita 15 zuwa 20. Sai kwanciya rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, a ɗaga kwankwaso sama a riƙe daƙiƙa biyu. Na ƙarshe ɗaukar nauyi a hannu biyu a yi taku 20 zuwa 30 da shi, baya a miƙe.

Kowane motsi a maimaita shi sau 10 zuwa 15, zagaye ɗaya a mako na biyu da aka fara, biyu daga mako na uku, uku daga na shida, da hutun minti ɗaya zuwa biyu a tsakani. Nauyin da ya dace shi ne wanda maimaici biyu na ƙarshe ke wahala amma tsayuwar jiki ba ta lalace ba. Idan an iya yin 15 cikin sauƙi a zama biyu a jere, a ƙara nauyi da kashi 5 zuwa 10. A saki numfashi lokacin turawa ko ɗagawa. Riƙe numfashi na ɗaga hawan jini nan take, kuma ga mai hawan jini dama wannan ba abin wasa ba ne.

Daga mako na bakwai, idan babu ciwon gaɓa, a mai da kwana biyu na tafiya ko keke zuwa tsarin sauri da sassauci: minti ɗaya da ƙarfi, minti biyu a hankali, sau shida. Wanda ya saba zai iya kaiwa tsarin da aka gwada a kan matasa masu ƙiba a Norway, wato minti huɗu da ƙarfi sau huɗu, da minti uku na sassauci a tsakani. Yana ɗaga ƙarfin zuciya da huhu da sauri, amma sau biyu a mako ya isa, kuma a kan keke ya fi aminci.

Inda abubuwa ke ɓaci

Jiki zai yi tsami bayan zaman farko, ya fi tsanani tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, sannan ya saki. Wannan ba rauni ba ne, tafiya a hankali ma na rage shi. Ciwo mai suka a gaɓa ɗaya, ko kumburi, ko wanda ke sa ɗingishi, shi ne na tsayawa. Idan tsoka ta kumbura ta yi ciwo ƙwarai, fitsari kuma ya koma launin ruwan shayi bayan atisaye mai tsanani, tsokar ce ke narkewa cikin jini, kuma tana iya taɓa ƙoda. Wannan na asibiti ne cikin gaggawa, kuma ya fi faruwa idan an tilasta wa wanda bai saba ba yin tsuguno ɗari a rana ɗaya, musamman da sunan horo.

Zafi ya fi kama mai ƙiba, saboda jikinsa na samar da zafi mai yawa kuma kitse na hana shi fita. A zaɓi lokacin da gari ya yi sanyi, a sa tufa mara nauyi, a sha ruwa kafin a fara da kuma kowane minti 15 zuwa 20. Jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi. Naɗe ciki da leda ko sa riga mai kauri don a yi gumi ba ya narkar da kitse ko kaɗan. Ruwa ne ke fita, ya dawo da an sha. Jiri, amai ko ruɗewa cikin zafi na nufin a tsaya, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwan sanyi, idan ya rikice kuma a garzaya asibiti.

Tari da shaƙewar ƙirji da ke zuwa bayan 'yan mintoci da fara atisaye, ko jim kaɗan bayan an gama, na iya zama asma, kada a ce ragwanci ne. Wanda likita ya rubuta wa maganin shaƙa ya yi amfani da shi kamar minti 15 kafin ya fara. Mai allurar insulin ya auna sukari kafin da bayan atisaye, ya riƙe abin da ke da giram 15 na sukari a aljihu saboda rawar jiki da gumin sanyi. Ƙananan abubuwa ma na korar matashi daga fili ba tare da ya faɗa wa kowa ba: gogewar cinyoyi da ke sa fata ta saɓule, wanda gajeren wando mai kama jiki da man shafawa ke magancewa, da rashin rigar mama mai riƙewa sosai ga 'yan mata, da takalmin da ya matse.

Sai cin fansa a kan abinci. Tafiyar minti 30 ga matashi mai nauyi na ƙona kalori kamar 150 zuwa 200, lemon kwalba na rabin lita kuma na ɗauke da sukari sama da giram 50, wato kalori wajen 200. Kwalba ɗaya ta share aikin yinin ta fuskar nauyi. Ruwa ya isa ga duk atisayen da bai kai awa ɗaya ba. Amma kada a juya lamarin zuwa hana abinci. Matashi na kan girma, kuma tsallake abinci, ɓoyewa a ci, ko jawo amai da gangan alamu ne da ke buƙatar likita. Gori da zolaya a kan ƙiba, ko daga iyaye ne da kyakkyawar niyya, an ga suna ƙara ci da gudun motsa jiki ne.

Sauran awannin yini ma na cikin lissafi. A tashi daga zama kowane minti 30 a motsa na minti biyu ko uku, a kuma yi tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan babban abinci, domin tana rage yadda sukari ke hawa. Mai shekara 13 zuwa 18 na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, ƙarancinsa kuma na rage jin insulin ya ƙara yunwa. Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci, tare da gyangyaɗi da rana, abu ne da za a faɗa wa likita, don yaron da ba ya samun barci mai kyau ba zai iya jure horo ba.

Duba sakamako

A ranar farko a sa matashin ya yi tafiya iya saurinsa na minti shida a fili mai shimfiɗe, a rubuta nisan da ya ci da bugun zuciyarsa a ƙarshe. A maimaita kowane mako huɗu a wuri ɗaya, tare da awon ƙugu da bugun zuciya na safe kafin a tashi daga gado. Nisa ya ƙaru, bugun hutu ya sauka, ƙugu ya ragu ko da santimita biyu ne: tsarin na aiki. Sikeli sau ɗaya a mako ya wadatar, kuma ga wanda ke ƙara tsawo, nauyin da ya tsaya wuri ɗaya na nufin BMI na sauka. Gwajin jini ba a maimaita shi kafin wata uku, saboda HbA1c ba ya nuna sauyi da wuri.

Idan an yi mako 12 ana bin tsarin amma sukari, hawan jini ko gwajin hanta ba su gyaru ba, a koma wurin likita da takardar da aka riƙa rubuta awon. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a jagorar da ta fitar a 2023, ta ce shirin sauya ɗabi'a ya fi tasiri idan ya kai awa 26 ko fiye na ganawa ido da ido cikin wata 3 zuwa 12, tare da iyali, kuma daga shekara 12 ana iya ƙara magani a kan motsa jiki da gyaran abinci. Idan kuma jarrabawa ko rashin lafiya suka katse horo fiye da mako biyu, ba a ci gaba daga inda aka tsaya. A koma rabin mintoci da rabin zagayen da aka kai, a sake hawa cikin mako biyu zuwa uku.